Batir Biyu Duk Laraba

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Baba Mai Agogo, bangon kuma ba ya riƙe sirri. Da safiyar wata Laraba na ji muryar autarsa ta tashi.

"Baba, tocila ce fa ta caji! Ka jona ta a wuta awa biyu, ta yi maka mako guda."

"In batirin cikinta ya mutu fa, Auta? An liƙe shi a ciki, sai dai a jefar da ita gaba ɗaya. Tawa kuwa in ta yi sanyi, in buɗe gindinta in zuba sabo."

"Ka zuba sabo, ka kuma taka da wannan gwiwar har bakin titi!"

"Gwiwata ce ko taki?"

Shekara talatin ke nan yana gyaran agogo a kan wani ɗan tebur da ke jikin taga. Yakan maƙala madubi a ido ɗaya, ya cije 'yar tocila da haƙora, ya leƙa cikin agogo kamar mai leƙen rijiya. Gindin tocilar duk shatin haƙori ne. Tun da matarsa ta rasu, shekara shida baya, ba ya zuwa ko'ina sai waje ɗaya: duk Laraba zai sa farar riga, ya shafa turare, ya ɗingisa zuwa wani shago a bakin titi ya sayo batir biyu. Auta, wadda ke zuwa daga gidan mijinta ta yi masa shara, ta ɗauka rowa ce da taurin kai irin na tsofaffi. Ni ma haka na ɗauka, duk da dai ban taɓa ganin wanda ke shafa turare don batir ba.

Can na ji ƙarar gwangwani ya faɗi, abubuwa suna gangarawa a siminti. Tsintsiyar Auta ce ta jawo shi daga ƙarƙashin gado.

"Baba, mene ne wannan? Batura ne fal, ko ledarsu ba a yage ba!"

Na ji ya yi gyaran murya.

"Ajiya ce," in ji shi.

"Ajiyar yaƙi?"

Ba ta jira amsa ba. Ta leƙo ɗakina ta ce in raka ta shagon, ta ga wane ne ke cusa wa ubanta kayan da ba ya buƙata.

Mai shagon dattijuwa ce mai tabarau, mijinta ya daɗe da rasuwa. Auta ta gaishe ta a taƙaice.

"Inna, ni 'yar mai gyaran agogo ce. In dai sai ya saya, ki sayar masa da kwali guda ya huta da tafiya."

"Ba na sayar da kwali, 'yata. Biyu-biyu nake bayarwa."

A bayan kantar shagon kuwa kwalaye ne jere har rufi. Muna tsaye wani direba ya shigo ya ce a ba shi kwali ɗaya, ta miƙa masa ba musu. Da ta juyo ta ga idon Auta a kanta, sai ta shiga goge kantar da ba ta da ƙura.

"Lafiya dai bai zo ba yau?" ta tambaya. "Na ga rana ta yi."

A gefen kantar akwai kujera da matashi a kai, da kofi biyu na shayi, ɗaya an rufe da faranti. Agogon bangon shagon kuma ya tsaya cak. Ta ce duk Laraba Baba yakan duba mata shi, amma har yau ya ƙi gyaruwa. Mutumin da ya tayar da agogon da ya kwana a ruwa!

Auta ta riƙe dariya har muka fito, sannan ta dafa bango ta yi ta ƙyaƙyatawa har da hawaye.

Da muka koma, Baba na zaune ya tattara baturan, yana jiran hukunci kamar ɗan makaranta. Auta ta durƙusa gabansa.

"Baba, shayinka na hucewa. Inna ta ce rana ta yi."

Ya dube ta, ya dubi gwangwanin. Kunya ta kama shi, murmushi ya fi ƙarfinta.

"Ba ki ji haushi ba? Saboda mahaifiyarki..."

"Haushin da na ji na shekarun da ka ɓata kana sayen batir ne."

Ya miƙe ya ɗauko farar rigar, ya shafa turaren har sau biyu. Ya ɗauki sabuwar tocilar ya kunna, ya kashe, ya gyaɗa kai kamar wanda ya yafe mata laifi. A bakin ƙofa ya juyo.

"Auta, jona min wannan a caji, na karɓe ta. In wani ya zo neman agogo, ki ce na je shago, amma yau ba batir zan tambaya ba."