Ranar da Gadon Goggo Ya Hau Bene

Goggo, ƙanwar babanmu, ta haura shekara hamsin ba ta taɓa zama a ɗakin da za ta ce nata ne ita kaɗai ba. Tun rasuwar mijinta take aikin raino a gidan wani likita, tana kwana a ɗan ɗakin da ke jikin kicin. Da autar gidan ta tafi jami'a, matar likitan ta ce ta yi zamanta, ai ta zama 'yar gida. Goggo ta yi godiya, ta ce a'a. Ta riga ta sami aiki a wata makarantar ƙananan yara a tsohon gari, haya take so ta kama a kusa.

Baba ya ce, "Kina da ɗan'uwa a raye, me ya kai ki haya? Ga ɗaki nan a gidana."

Ta ce, "Yaya, na gaji da ɗakin alfarma."

Ni na raka ta nema. Dillali ya yi ta nuna mana sababbin gidaje masu tayil, tana girgiza kai. Da ya gaji sai ya shigar da mu wani lungu da mota ba ta shiga, ya tsaya gaban wani tsohon bene da ya girmi kakanmu. Ciki da falo ne a sama. Bangon kauri gare shi, ɗakin sanyi ƙalau, famfon kuwa sai ya yi tari kafin ya kawo ruwa. Goggo ta tura ƙyauren wata doguwar taga, ta leƙa lungun, ta daɗe ba ta juyo ba.

Mai gidan wata tsohuwa ce da ke zaune a ƙasa, kunnenta ya yi nauyi. Tambaya ɗaya ta yi: "Kina da rediyo?"

Goggo ta ce tana da shi, amma ba za ta dame ta ba.

"A'a, ki riƙa ƙure shi, nima in ji."

Ranar tarewa aka sha daru. Goggo tana da wani gadon katako tun na aurenta, wanda ya daɗe a ajiye a gidanmu, kuma kafintan da ya yi shi bai bar wajen kwancewa ba. Matattakalar benen ga ƙunci ga kwana. 'Yan dako suka gwada a tsaye, suka gwada a kwance, gado ya ce bai san zance ba. Babbansu ya share gumi ya ce sai dai a sa zarto a rage ƙafafun.

"Ƙafar wa?" in ji Goggo. "Ku fito min da shi waje."

Ta ɗaga kai ta dubi tagar nan. Sai ta shiga shagon mai wanki ta aro igiya mai kauri, ta kira mai aski da mai gyaran takalma, mutanen da ko sunanta ba su sani ba tukuna. Aka cire ƙyauren tagar, wasu suka hau sama, wasu suka tallafa daga ƙasa. Ita kuwa ta ci ɗamara a tsakiyar lungu, tana ba da umarni da muryar da take tara yara.

"Ku ja! Kai mai aski, ba gashi ba ne, sa ƙarfi!"

Gado ya tashi yana lilo. Ya daki bango, ƙasa ta zubo, mata suka yi salati. Ya tsaya a bakin taga kamar yana shawara, sannan ya karkata ya shige. Lungu ya ɗauki tafi da shewa, har tsohuwar ta fito tana tambayar wa aka haifa.

Sai da komai ya lafa Baba ya iso da katifa. Ya hau yana haki, ya zauna a bakin gadon, ya dubi tagar, ya dubi ƙanwarsa.

"To, ranar da za ki tashi, wa zai sauko miki da shi?"

Goggo ta miƙa masa ruwa tana dariya. "Yaya, wa ya ce maka zan tashi?"