Karen Ruwan Kakata

Ko yau in na ji warin hayaƙin ƙaramin janareto, sai in tuna rumfar gidanmu na Shagari da ranar da aka wanke kakata daga zargin ƙarya.

Tun ina ƙarama take ba da labarin karen ruwa. Wai tana budurwa a Dandin Mahe, ta je wanki bayan damina, ta ga wata dabba mai sulɓin jiki da gashin baki ta riƙe kifi da hannu biyu tana ci kamar mutum. Ba wanda ya yarda. Babanmu ya kan yi murmushi, mu kuwa, Allah ya yafe mana, da an yi ƙarya sai mu ce, "Karen ruwan Kaka!" Abin yana ci mata rai, don mace ce da ba a taɓa kamawa da ƙarya ba.

Wata Sallah kawuna ya zo daga Sakkwato da talabijin da ƙaramin janareto da kaset na bidiyon dabbobi. Bayan la'asar muka cika rumfa. Muka ga teku, ruwan da ba shi da gaɓa, da kifin da ya fi rumbunmu. Muka ga jan biri mai gemu yana tsare ruwan sama da ganye, gwaggo har da salati. Kaka tana gefe tana gyaran albasa, don yanar ido ta riga ta rufe mata gani.

Sai wani siririn fito ya fito daga akwatin. Ta saki albasar.

"Shi na! Ku duba mani, ƙahwahunai da fata tsakanin yatsu kamar na agwagwa?"

Muka duba. Wallahi haka ne. Ta faɗi wutsiyar, ta faɗi yadda uwa take ɗaukar ɗanta a baki, duk kafin a nuna. Babanmu ya tashi ya durƙusa gabanta, ya ce, "Inna, ki gafarce mu." Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Ita ko ta gafara ba ta yi ba. Ta ce, "Wane gulbi na wanga?"

Kawu ya ce wata ƙasa ce mai nisa.

Sai ta ce, "Ashe can sunka koma."

Bara na je wurin da take wankin. Gonar albasa ce yanzu, injin ban ruwa yana ta ƙara. 'Ya'yana sun san dabbobin duniya ta waya, amma da na ce musu a nan ma an taɓa yin karen ruwa, babbar ta tambaye ni ko akwai bidiyon.