Dutsen da Ke Niƙa da Kansa

Ni dai karatuna bai wuce aji uku ba, ajin ukun ma sau biyu na zauna a cikinsa, har malamin ya fara gaishe ni kamar abokin aiki. Saboda haka in kun ga rubutun nan ya karkace, ku yi haƙuri. Ɗan abin da na sani, a bakin murhun kakata na tsince shi, a Trikania, lokacin babanmu yana aikin reluwe.

Kaka Tabita daga ƙauye aka ɗauko ta bayan rasuwar kakanmu. Babanmu ya saya mata risho, ta dube shi sama da ƙasa, ta sa aka tura shi ƙarƙashin gado. Duwatsu uku ta nema ta kafa a tsakar gida. Da rana ta faɗi, mun ci tuwo a kwano ɗaya, an yi addu'a, sai ta jawo faifan gyaɗa ta ajiye a tsakiyarmu. Dokarta ɗaya ce: wanda bai ɓare gyaɗa ba, ba zai ji tatsuniya ba. Ni kuwa in na ɓare uku, biyu cikina suke tafiya.

"Yakubu, bakinka ya fi hannunka aiki," in ji ta.

"Kaka, ruɓaɓɓun nake cirewa."

"To, Allah ya saka wa cikin nan naka da alheri."

Sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Tatsuniya ta zo, tana bakin ƙofa." Mu ce, "A buɗe mata."

Akwai guda ɗaya da take yawan maimaitawa. Wai wata mata ce gidanta a bakin daji, tana da 'ya'ya uku. Kullum da yamma sai ta durƙusa gaban dutsen niƙa, tana niƙa tana waƙa. Yaran suna can suna kiwo ko neman itace, da sun ji muryarta sai su bi ta har gida. Ba su san wata hanya ba, muryar ce hanyarsu. Ran nan wani baƙo ya kwana a gidan, da zai tafi ya bar mata kyautar dutse mai niƙa da kansa. Ta zuba dawa, dutse ya yi ta juyi, gari ya yi ta zuba, gwiwoyinta suka huta. To, wanda ba ya niƙa, me zai sa shi waƙar niƙa? Ta yi shiru. Manyan biyu suka lalubo gida da ƙyar. Ƙaramin ya tsaya a daji yana kasa kunne, bai ji komai ba sai gurnani kamar na dabba, ya tsorata, ya juya ya ƙara nutsawa. Uwar ta fasa dutsen, ta koma kan gwiwa, ta yi ta waƙa har murya ta dushe.

"Ya dawo, Kaka?" Ƙanwata ce kullum ke tambaya, ido cike da hawaye.

"Tana nan tana waƙa," in ji Kaka. "Nan na ajiye ta. A tattara ɓawon."

Ni abin da na ɗauka a lokacin shi ne, matar nan ba ta da wayo. Ai da ni ne, hayar dutsen zan riƙa bayarwa.

Na girma, na samu aiki a masaƙa, na auri Saratu, muka kama gida a Sabon Tasha. Allah ya ba mu biyu, Istifanus da Rifkatu. Saratu 'yar zumuntar mata ce a coci, kuma Allah ya ba ta murya. Kowace yamma bayan abinci sai ta shimfiɗa tabarma, ta ɗaga waƙar yabo, yaran su amsa, Istifanus ya karanta mana aya, tunda ni in na kama karatu sai tuwon safe ya nuna. Ko ƙwallo yake bugawa a bayan layi, da ya ji uwarsa ta fara, sai ga shi da gudu, ƙafa duk ƙasa.

Sai na sayi talabijin. Da aka dame mu da ɗauke wuta, na ƙara da janareta, na ajiye shi daidai bayan taga don maƙwabta su san Yakubu ya iso. Ranar har rawa na taka.

"Baban Istifanus, kashe abin nan na minti goma mu yi waƙa," Saratu takan ce.

"Bari 'yan ƙwallon nan su tafi hutun rabin lokaci."

A je hutun, a dawo, ni ina nan. Ta gwada ɗaga murya, injin ya fi ta ƙarfi. Kowa ya koma ɗaukar kwanonsa ya nufi gaban akwati. Daga nan Istifanus ya gane kallo ya fi daɗi a waje, cikin abokai. Daga kallo aka koma ƙwaya. Ba na cewa janareta ne ya sa masa ita a baki. Amma lokacin da yaron nan ya fara kwana a waje, ni ne na ƙarshe da ya lura. Wata rana ya ce ya tafi Abuja neman aiki, ya hau mota a Gonin Gora. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Saratu ta rasu wayarta tana ƙarƙashin matashinta.

Yanzu Rifkatu tana da yara uku. A gidanta babu talabijin a falo. In abinci ya sauka, ita da mijinta sukan jefa wayoyinsu cikin kwando, a ci tare, a yi waƙa, yara su wanke kwanuka. Ni da halina, na dinga tsokanarta. Har ɓoye tawa wayar nake yi in miƙa wa jikokin a ƙarƙashin tebur. Ran nan ta kama ni.

"Kin mai da jikokina 'yan ƙauye," na ce, ina dariya.

Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi wayar a hankali ta sa a kwando.

"Baba, ni na tuna ranar da Mama ta naɗe tabarma ba ta sake shimfiɗawa ba. Kai ka tuna?"

Na laluba kaina kaf. Na tuna wasannin da aka buga a shekarar, har da wanda ya ci. Ranar ce kawai ban samu ba.

Sai a tsufana na gane abin da ya sa Kaka ba ta taɓa ƙarasa tatsuniyar nan ba. Ba ta san ko yaron ya dawo ba. Abin da ya rage wa uwar kawai ta sani.

Na ba da janaretan. Yanzu da yamma nakan fito da tabarmar Saratu bakin ƙofa, in ɗaga waƙarta, baitin da na riƙe kawai. Muryata kuwa kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti. Maƙwabciyata, Maman Blessing, takan leƙo ta ce, "Baba Yakubu, ka tausaya wa kajina mana."

In ce mata, "Yi haƙuri, 'yata. Akwai wanda nake kira."