Kwana Ukun Da Lawali Ya Yi A Lalle

Ranar wata Laraba, cikin zafin bazarar 2010, aka kama yayana Lawali. Ina da shekara tara a lokacin, a ƙauyenmu da ke kusa da Bagega. Yana tsakar gida yana daka dutsen zinariya a turmin Inna, ƙanenmu Auta na jingine da bayansa, sai Gwaggo Kulu, ƙanwar babanmu, ta lallaɓo ta shafa masa lalle a goshi. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya zabura zai gudu kamar yadda kowane ango ke yi, abokansa suka tare hanya, suka lulluɓe shi da bargo, suka yi gidan Mamman, babban abokinsa, da shi. Auta ya bi su yana kuka har bakin zaure, fuskarsa fari fat da ƙurar dutse. Ni na ɗauko shi.

Babanmu ya rasu Auta na ciki, don haka Lawali ne uban da ya sani. Shekarar Auta uku. A wuyan Lawali yake zuwa gona, a ƙwaryarsa yake shan fura, in kuma ana daka yana gefe yana dangwalar garin dutsen yana lasa. Duk gidajen garin haka suke. Turmin da ake surfen gero da safe shi ake dakan dutse da rana, mu yara kuma muna kwaɓa garin a gwangwani muna tuwon wasa. Da wannan dakan Lawali ya gina ɗakin amarya, ya haɗa lefe. Ba wanda ya san akwai guba a ciki.

A garinmu ango kwana uku yake yi a lalle. Ba ya fita, ba ya aiki, ba a kai masa labarin da zai ɓata masa rai. Ko wurin ɗaurin aurensa ba ya zuwa, wakili ke karɓa masa. Ni aka ɗora wa kai masa tuwo safe da yamma. Nakan same shi a kan tabarma, hannuwansa jawur, abokai na dara suna tsokanarsa: "Ango, ka sha ƙamshi!" Shi ko sai murmushi.

Da safiyar Alhamis Auta ya sanƙare. Idanunsa suka juye, kumfa ta fito masa a baki. A watan nan an riga an binne yara a maƙwabta, ana cewa iska ce. Inna ta yi hayaƙi, ta ɗura masa rubutu. Duk lokacin da ya farfaɗo, "Yaya" kawai yake cewa. Inna ba ta iya aikawa a kira Lawali ba. Ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta sa baki a bikinsa. Sai ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta ce, "Ango ba shi fita lalle. Kina so dangin amarya su ce ba mu san al'ada ba?" Sannan ta murɗe mini kunne. "Ke Hassi, in kinka buɗe baki can, sai na yanke halshenki."

Na ɗauki tuwo na tafi. Lawali ya tambaye ni, "Ina Auta? Shina nemana?" Na ce, "Shina wasa." Ya tsamo tsoka ɗaya daga miya, ya naɗe a takarda, ya ce in kai masa. Haƙoran Auta a datse suke tun hantsi. A bayan katanga na tsaya na cinye naman.

Ranar Juma'a da hantsi Auta ya cika. Baffa, ƙanen babanmu, da mutum biyu suka naɗe shi a tabarma, suka fita da shi ta bayan danga don kada su bi ta ƙofar gidan su Mamman. Gwaggo ta hana Inna kuka da ƙarfi saboda baƙi. Ta ce, "Yaro ne. Ba a tada biki don yaro." Bayan an sauko daga masallaci aka ɗaura aure, aka raba goro, makaɗa suka fara. Da yamma na sake kai tuwo. Ya sake tambaya. Na sake cewa yana wasa.

Asabar da la'asar aka kawo Lawali gida wankan ango. Aka kifa turmin Inna, wannan dai turmin, aka zaunar da shi a kai, Gwaggo ta cuɗa shi tana masa kirari. Ya sa sabbin kaya. Sai ya karɓi wata 'yar hula daga hannun Mamman, irin tasa sak, wadda ya sa aka ɗinka wa Auta. Ya duba tsakar gida, ya ce, "Hassi, kira mini shi." Na ce, "Ya mutu jiya."

Bai yi ihu ba. Ya dube ni ya ce, "Jiya, sadda kinka kawo tuwo?"

Na ce i.

Ya cusa hular a aljihu. Bayan magariba aka kawo amarya, abokai suka raka shi, aka sayi baki ana dariya, don biki ba ya tsayawa. Bai zage ni ba, bai buge ni ba. Amma tun daga ranar bai ƙara cin abin da hannuna ya ɗauko ba.

Daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen. Aka kankare ƙasar tsakar gidanmu aka zuba wata. Lawali bai sake taɓa taɓarya ba. Gwaggo ta mutu tana cewa ta fid da mu kunya.

Yanzu a Anka nake zaune da 'ya'yana. Angon yau waya na hannunsa, da ƙafarsa yake zuwa ɗaurin aurensa, ya tsaya a yi masa hoto. Tsofaffi na cewa al'ada ta lalace. In na ga saurayi ɗauke da ƙanensa a wuya, nakan tsaya har su sha kwana. Tsakanin ɗakin Mamman da ɗakin Inna katanga biyu ce kawai.