Tabon Mai a Tabarmar Yaya Haruna

Shekara bakwai ke nan da ranar da Salisu ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin rumfata a unguwar Birni, nan Damagaram, bai kashe babur ba, bai kuma yi sallama ba. Ina tsakiyar ɗinkin takalmi. Ya ce, "Laminu, ajiye wannan. Yayanka ya faɗi a hanyar kasuwa." Na ce to a kai shi asibiti mana. Sai ya sunkuyar da kai. Da hantsi ne, ranar Laraba.

Ni baduku ne, karatuna bai yi nisa ba. Ina rubuta wannan ne don akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma na gaji da faɗa wa kaina shi ni kaɗai.

Yaya Haruna makaniki ne, amma ba na kowane babur ba. Tsofaffi yake gyarawa, irin waɗanda ma'aikatan gwamnati suka hau a zamanin iyayenmu, aka jingine su a zaure har kaji suka mai da su akurki. Yakan wargaza injin gaba ɗaya, ya wanke, ya goge, ya sake ɗaure shi. Wani ya ci masa wata biyu, wani shekara. Ba ya rubuta komai. In zai buɗe inji sai ya sayi sabuwar tabarmar kaba, ya shimfiɗa a ɗakin aikinsa, duk abin da ya kwance ya jera shi a kai daga dama zuwa hagu, kamar rubutun allo. In ya zo ɗaurewa sai ya karanto daga ƙarshe. Ba a tsallake tabarmar nan, ba a taɓa ta. Yakan ce ita ce littafinsa. Na taɓa ɗaukar wani noti ina dubawa, ya buge mini hannu ya ce, "Kai baduku, in ka ɓata fata sai ka ce ado ne. Inji ba ya karɓar ado."

Babur na ƙarshe da ya buɗe na Baba Maman ne, wani dattijo daga Droum. A ƙuruciyarsa allurar dabbobi yake yi, da babur ɗin nan ya zaga ƙauyukan Damagaram. Idonsa ya riga ya mutu lokacin da aka kawo shi, shi da babur ɗin a amalanke ɗaya. Ina wurin. Ya ce, "Haruna, ba hawa zan yi ba, ka gan ni. Kukansa kawai nake so in ji sau ɗaya kafin a kai ni." Yaya ya dafa masa hannu ya ce, "In Allah ya yarda, Baba, za ka ji shi kafin a yanke gero."

Ranar da ya rasu, gida ya cika kafin la'asar. Masu ta'aziyya har bakin hanya, tabarmi suka ƙare. Na aro na maƙwabta, ba su isa ba. Ba a barin dattijo a tsaye ya zo gaisuwa. Sai na shiga ɗakin aikin, na ɗauko daro, na tattara duk ƙarafan nan na zuba a ciki, na fito da tabarmar. Na kife ta don kada mai ya ɓata wa mutane riguna. Kwana uku ana zama a kanta. Rigar da ya faɗi da ita kuma, na ba malamin da ya yi masa wanka, kamar yadda aka saba. Ban taɓa aljihun ba. Wa ke laluben aljihun gawa?

Sai bayan addu'ar arba'in matarsa, Yaya Zainabu, ta yi mini magana daga bayan labule, tana cikin takaba. Ta ce, "Laminu, ina ka kai littafin yayanka?" Ba ta ɗaga murya ba. Nan take na fita.

Na nemo tabarmar, na juya ta. Kowane ƙarfe ya bar siffarsa da baƙin mai: da'irar fistan, zobbansa, haƙoran giya, har ƙananan notuna. Na yi kwana tara ina gwadawa, bayan na tashi daga rumfa, ina ɗora kowane ƙarfe a kan tabonsa. Duka suka zauna, daro ya koma wayam. Amma tabo ɗaya ya rage babu mai shi, siriri, tsawon ɗan yatsa. Wani abokin sana'ar Yaya ya duba ya ce ɗan sandan ƙarfen da ke riƙe fistan ne. Ya ce ƙarfen ya cinye, a gabansa Yaya ya sa shi a aljihu zai kai wa mai sassaƙa ƙarfe a yi masa sabo daidai da shi. A hanyar ya faɗi.

Na bi rigar har Damagaram Takaya, don can malamin ya koma. Ya karɓe ni da mutunci. Ya ce ya ba wani mabuƙaci, mabuƙacin kuma ya tafi ci-rani. Daga nan sawu ya ɓace.

Sau uku ina sa a sassaƙa mini wani. Tabo yana nuna tsawo, amma ba ya nuna kauri daidai. Na farko ya ƙi shiga, biyun suka yi lako-lako. Makanikan yanzu ba ragwaye ba ne, amma sun taso da babura sababbi masu araha, abin da ya lalace a cire a jefar a sa wani. Ɗayansu ya ɗauki hoton injin da salula, ya aika Kano, ya aika Yamai, aka ce ba a san irinsa ba. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga garin nan yau, kabu-kabu kamar fara, ba wanda ke kara kunne a jikin inji ya saurara. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai sayi tabarma ne kawai.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk tabon da ke tabarmar nan ya bushe tuntuni, ya yi fari-fari da ƙura. Ban da wannan ɗaya. In na sa yatsa a kai, yatsan yakan fito da danshin mai, baƙi, da warinsa. Na duba rufin ɗakin, ba ya yoyo, kuma mai ba ya sauka daga sama. Na ɗaga tabarmar, ƙasa a bushe take. Makullin ɗakin yana wuyana. Na yi imani wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa, muna binsa da addu'a ne kawai. Ban ce na ga wani abu ba. Abin da yatsana ya taɓa nake faɗa, Allah ne masani.

Duk shekara bayan an yanke gero, 'yar Baba Maman takan kawo shi. Ba ya shan ruwa sai an shigar da shi ɗakin aikin Yaya. Ya durƙusa, ya miƙa hannu, kuma hannun ba ya lalube. Yakan wuce ƙarafa sama da ɗari ya sauka a gurbin nan. Shekarar farko ya murza yatsunsa ya ce, "Har yanzu bai dawo da shi ba?" Na ce, "Baba, ai Haruna ya rasu." Ya ce, "Na sani, yaro, da ni aka yi masa salla. Tambayarka na yi ko ya dawo da shi." Tun daga nan, haka yake tambaya duk zuwa, ni kuma in ce a'a.

Bana bai zo ba. Makon jiya, bayan azahar, 'yarsa ta kira ni. Ta ce ya kwanta, ko kunu ba ya wucewa, amma ya matsa sai an kira Damagaram. Na ji muryarsa can ƙasa. Ya ce in buɗe ɗakin, in ajiye salular a kan tabarma, in yi shiru. Na yi yadda ya ce. Ni ban ji komai ba sai kukan kurciya a kan katanga. Da na ɗauka, sai na ji yana dariya a hankali. Ya ce, "Ya kusa." Ban tambaye shi wa yake nufi ba, ko me.

Mutane sukan ce abin da Yaya Haruna ya bari shi ne baburan da ya tayar, akwai biyu da har yau nakan ji ƙararsu a Birni in gane su. Haka ne. Amma ya bar alkawari guda, kuma ba shi ya karya shi ba. Ni na miƙa rigar da hannuna. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe mini.

Gobe zan koma wurin mai sassaƙa ƙarfe karo na huɗu. Baba Maman yana kwance a Droum, bai ji kukan babur ɗinsa ba. Injin yana nan a buɗe, gurbi ɗaya babu komai a kai.