Butar Jannatu

Ƙanwata Jannatu ta shekara arba'in tana turara shinkafa a Gulma, har hayaƙi ya cinye mata ƙirji. Likita a Argungu ya hana ta kusantar murhu.

Ɗanta Mujtaba, ɗan boko mazaunin unguwar Gesse can birni, ya zaɓo mata butar lantarki, wai ba hayaƙi, ba sare daji.

Na ce, "Kai Mujtaba, yaushe rabon unguwarsu da wuta?"

Kwana tara tana jiran wuta ita kaɗai, tari na tsaga ta, ba ruwan zafin jiƙa maƙogwaro. A na goma ta ɗora butar bisa murhu. Gindin roba ya narke, baƙin hayaƙi ya turnuƙe.

Na iske ta ƙasa tana haki. "Yaya, don Allah kar ki gaya mishi."