Dami Dubu da Tara

Shekarar da babanmu da ƙanensa Baffa Sani suka fara maganar raba fadamar albasa, ina da shekara tara. Gida ɗaya muke a Aliero, tukunya ɗaya, amma sun daina cin tuwo tare. Mahaifiyarsu, kakarmu wadda muke kira Inna, tana lura da su.

Bayan magariba mukan kewaye ta a bakin murhu ta yi mana tatsuniya. Wata rana ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, don su biyun suna zaune a tsakar gida, kowa da tabarmarsa.

"Ku zamna, ɗiyana, ga wata ta taho," in ji ta.

"Ta iso mu ji ta," muka ce.

Wai wasu 'yan'uwa bakwai ne suke noma gandu ɗaya. Wata shekara suka samu gero dami dubu da tara, sai suka ce kowa ya kwashi nasa ya ware. Suka raba bakwai, kowa ya samu ɗari da arba'in da huɗu, dami ɗaya ya rage. Babba ya ce nasa ne, ƙarami ya ce shi ya fi shan rana. Suka sa uwarsu cikin rabon, kashi takwas, ɗaya ya rage. Suka ƙara da malaminsu, kashi tara, ɗaya ya sake ragewa.

Yayata Hadiza ta ce, "Inna, su yar da shi mana."

"Wa ka yar da hatsi, 'yar nan? Uwassu ta ɗauke shi, ta sussuke, ta yi tuwo, ta zuba musu a akushi guda. Da sunka ƙoshi, kunya ta hana kowa tada maganar. Da sahe sunka maida geron rumbu guda."

Babanmu ya yi gyaran murya. Baffa ya tashi ya shiga ɗaki. Ba a raba fadamar ba sai bayan rasuwar Inna, kuma an raba ta cikin mutunci.

Yanzu ina koyar da lissafi a Jega. Ranar da nake nuna wa ɗalibai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, na gwada dubu da tara, na ga tana cikinsu. Inna ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ba. Da na je gida na tambayi Baffa inda ta samo wannan lamba.

Ya ce, "Ta fi sati tana zaune bayan ɗaki da ƙwaryar 'ya'yan tsamiya, tana kasawa tana tarawa. Mun ɗauka tsufa ne."

Ni da na ɗauka mu yara take yi wa tatsuniya. Ashe 'ya'yanta biyu take roƙo, ta hanyar da ba za ta kunyata ko ɗayansu ba.